Dubu 400 gare ni, in sayi hom tiyata na kwali ɗaya ko in haɗa da kaina?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da hantsi. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar sauti. Na samu na sayi tibi inci 55 bayan babbar sallah, hoto kam alhamdulillahi amma sautin babu daɗi ko kaɗan, in ka ƙara murya ya dinga tsatsa in ka rage ba ka jin me ake cewa. Na ware dubu 400 kuma gaskiya ba zan iya wuce haka ba, so nake in haɗa ɗan hom tiyata a falo, risiba (na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi ta raba wa sifiku) da sifiku da wufa (sifikar bes). Falon ba wani babba ba ne, ƙafa 14 da 16, ƙasa tayil sama POP, a Mabera nake. Abin da muke kallo ƙwallo, finafinan Hausa a YouTube, yara da katun ɗinsu, ni kuma jefi-jefi Netflix. Na leƙa kasuwa an nuna min wani mai kwali ɗaya, sifika biyar da wufa, an rubuta 5000W a jiki, mai shagon ya ce shi kowa ke ɗauka yanzu. In ɗauka ko akwai abin da ya fi?

Ɗan Arkilla: Wa alaikumus salam. Yaya 5000W fa ka ce?? ai wannan ba abin tsayawa shawara ba ne, ɗauko kawai, ranar da Arsenal ke wasa har Gawon Nama sai an san ka yi sayayya 😂

Injiniya Runjin Sambo: Wa alaikumus salam Baban Ummi. Kak ka biye ma yaron ga. Wanga 5000W da anka rubuta ga kwali, in ka duba da kyau akwai wasu 'yan ƙananan baƙaƙe kusa da shi, PMPO. Lissahin talla na, ba shi da ƙa'ida, kowane kamfani abin da yag ga dama shika bugawa. Wat na gaskiya shi na wanda anka rubuta RMS. Kuma ga hanya mai sauƙi da ba ta buƙatar boko, ka ce ma mai shago shi juyo maka bayan na'urar, daidai inda wayar wuta tas shiga akwai rubutun yawan wutar da taka ci. Sau da yawa za ka ishe 60W ko 90W. Tau abin da ka jan 90 daga soket, ƙaƙa za shi hiddo 5000? Ina yas samo sauran?

Alhaji Mai Shago: Injiniya kai dai kullum sai ka ɓata mana ciniki. Ni ban ce lambar gaskiya ce ba, ba mu ke bugawa ba, haka kaya ke zuwa daga Legas. Amma a riƙa faɗin gaskiya, magidanci da ke son ya danna abu ya yi aiki, kwali ɗaya ya fi masa kwanciyar hankali. Sabo ne dal, rimot ɗaya, wayoyinsa na ciki kowace da launinta ko yaro zai iya jonawa, ga Bluetooth ga wurin filash, in ya ba da matsala cikin kwanakin garanti ka dawo min da shi mu san yadda za a yi. Wannan haɗe-haɗen naku na tokumbo in ya mutu gobe wa za ka kama? Sannan dubu 400 a yanzu da dala ta kai inda ta kai, sabuwar risiba ta Yamaha ko Denon ita kaɗai sai ta cinye kuɗin ba a ma zo maganar sifika ba.

Injiniya Runjin Sambo: Allah shi ba ka nasara Alhaji, maganar garanti da tsadar sabuwa dut gaskiya ta, ban ja ba. Amma ku kuka saidawa, ni aka kawo ma in sun mutu. Ciwon kwali ɗaya shi na komi a ɗaure yake ga kai guda, wato na'urar da ka ba sifikun ƙarhi. Ranar da kan nan yal lalace, sauran shidan ba su da sauran amfani. Sifikunsu da yawa om 3 ko om 4 na (om ma'aunin turjiyar sifika ga wuta na), risiba ta sosai kau om 6 zuwa 8 taka so, in ka jona mata om 3 kaɗ ɗaga murya sai ta ɗau zahi ta kashe kanta. Wufar tasu kuma mafi yawa ba ta da amfilifaya nata na kanta, daga kan nan taka samun ƙarhi. Ita kau risiba, ramin da anka rubuta SUB OUT sigina ɗai shika hiddawa, sai wufa mai filogin wuta nata taka aiki da shi. Ke nan in ka so ƙara gaba baɗi, ba abin da za ka ɗauka daga cikin kwalin nan ka tahi da shi, sabon lale za ka yi. Sifika ta kirki kau ta katako tana iya shekara ashirin tana aiki, ka canza risiba ka canza tibi tana nan.

Kawu Bakabe: Ɗana Baban Ummi, ka saurari Injiniya. Abin nan kamar gini ne, wanda kuɗinsa bai kai ba ba ya tada ɗaki shida da bulo marar siminti don a ce ya gama, ɗaki biyu masu kyau yake yi ya shiga, in Allah ya hore ya ƙara. Ka sayi risiba da sifika biyu na gaba masu kyau, ka zauna da su.

Baban Ummi: Na gode Kawu, na gode Injiniya. Amma sifika biyu kawai ai ba hom tiyata ba ke nan ko? ni fa abin da ya ja ra'ayina shi ne jin sauti ta baya

Malamin Kimiyya: Baban Ummi duba jerin abin da ka ce kuna kallo. YouTube kusan duk abin da ke kai hanya biyu ne, hagu da dama, finafinanmu na Hausa da ake ɗorawa can ma haka. To na bayan nan me za su faɗa? Risiba tana iya ƙirƙiro musu wani abu daga hanya biyun, amma ba ainihin 5.1 ba ne, wato hanya biyar daban-daban da ta wufa. Inda za ka samu na gaskiya sai irin Netflix da wasu tashoshin HD na dikoda, su ma a fim ɗin da aka yi da 5.1 yawancin aikin a gaba yake, na baya sai ruwan sama, hayaniyar 'yan kallo, jirgi ya wuce. Saboda haka kuɗin da za a raba wa sifika biyar marasa kyau gara a tara shi kan biyu.

Sannan maganar wat, mutane na wahalar da kansu a banza. In ka ninka wat sau biyu, daga 50 zuwa 100, ƙarin da za ka samu 3dB ne kawai (dB ma'aunin ƙarar sauti ne), kunne zai ji an ɗan ƙara ne. Kafin ka ji kamar ƙarar ta ninka sai ka ƙara 10dB, wato wat sau goma. Lambar da ta fi muhimmanci ita ce wadda ke bayan sifika ko a takardarta, za ka ga 86dB ko 89dB ko makamancin haka, wato ƙarar da take bayarwa da wat 1 a nisan mita 1. Mai 89 rabin wat ɗin mai 86 take buƙata su yi ƙara ɗaya. Mai 87 in ka ba ta wat 10 ta kai 97dB a mita ɗaya, alhali 85dB ma in mutum ya yini a ciki kullum yana cutar da kunne. A falo ƙafa 14 da 16 risiba mai 50W zuwa 80W na gaskiya kowace hanya ta ishe ka har ta yi yawa.

Ɗan Arkilla: Malam mun shigo gurup mu huta ka dawo da mu aji. Ni dai duk lissafin nan in ba bes ba a yi komai ba. Yaya ka sa rabin kuɗin a wufa inci 12, sauran ko wace sifika ce ta yi

Maman Sadik: Sannunku da ƙoƙari, ku yi haƙuri in sa baki don mu ne ke yini da kayan nan a gida. Maigidana ya sayo irin na kwalin nan bara, ranar farko kowa na murna, amma har yau in ana fim ba ka jin magana, kiɗa da harbi su cika gida sai an zo hira ka ji ƙus-ƙus, ka ƙara murya sai a sake harbi yaro ya farka daga barci. Rimot ba ya barin hannuna. Wufar kuwa tagogi take kaɗawa da kwanukan cikin kabet, maƙwabciyata har aikowa ta yi. Yanzu zare wayarta na yi. Ƙanena na Arkilla, bes ɗin nan naka na gwauraye ne. Baban Ummi in za ka ji tawa ka nemi abin da zai fito da magana tas, kuma ka yi tunanin wayoyin na baya tun yanzu, a kan tayil ina za su bi? mu dai yara sun tsinke namu tuni

Malamin Kimiyya: Hajiya kin taɓo wurin. Magana a fim mai 5.1 ta sifikar tsakiya take fitowa, wadda ake ajewa ƙarƙashin tibi, kuma ita ce masu kwali ke yi mafi ƙanƙanta. In kana da risiba ta sosai kana iya ƙara wa ta tsakiya ita kaɗai 2dB ko 3dB ba ka taɓa sauran ba, kuma akwai saitin dare da ke rage tazarar da ke tsakanin raɗa da harbi. Ni a ganina bayan biyun gaba, ta tsakiya ce ta uku, wufa ta jira. Amma a samo ta kamfani ɗaya da na gaban, in da hali jeri ɗaya, don kar murya ta canza launi in mutum ya taka daga hagu zuwa tsakiyar hoto.

Injiniya Runjin Sambo: Nan kam Malam mun rabu. In babu ta tsakiya, ka shiga saiti ka gaya ma risiba babu, sai ta raba maganar ga hagu da dama, wanda az zaune tsakiya zai ji kamar daga tibi taka hitowa. Amma bes ɗin ƙasa in sifika ƙarama ta, ba saitin da ka ƙirƙiro shi. Kuma in ka sa wufa mai ampli nata, ka ɗauke ma risiba aiki mafi nauyi, ta rage zahi, ƙananan sifikun ma su huta maganar ta ƙara hitowa. Ni wufa ta uku.

Malamin Kimiyya: "Wanda ke zaune tsakiya" ka ce ai. Falon Bahaushe mutum nawa ke zaune tsakiya? Kujeru jikin bango suke zagaye, yara a ƙasa, uwargida a gefe. Wanda ke gefe sifikar da ke kusa da shi kawai zai ji.

Injiniya Runjin Sambo: Wanga kuma magana ta. Amma dai ban sauka ba 😄

Kawu Bakabe: Ku bar shi ya fara sayen biyun tukuna, kunnensa zai raba muku gardama.

Baban Ummi: To na ji na yarda da haɗawa sannu a hankali. Yanzu risibar, tunda sabuwa ta fi ƙarfina sai ta hannu ke nan. Me zan duba? akwai wani da ya ce yana da su 'yan waje, wasu daga Alaba wasu ta Kwanni suka shigo

Injiniya Runjin Sambo: Kahin ka dubi suna, kahin ka dubi komi, juya bayanta ka karanta bolt. Wutarmu 230V ta, 50Hz. Kayan Amurka da Kanada 120V 60Hz na, na Japan 100V. Ka jona ɗaya daga cikinsu kai tsaye ga soket sau ɗaya ɗai za ka yi, in ka yi sa'a fis ɗai ka ƙonewa in ba ka yi ba taransifomar ciki ta tahi. Na Ingila da Dubai da Faransa dut 220 zuwa 240 na, su kaka so. Na Ingila ma filoginsu irin namu na mai baki ukku, na Faransa mai baki biyu zagaye, wanga canza kai ɗai na ba matsala. Wasu Yamaha da anka yi ma kasuwar Asiya suna da ɗan makunnin zaɓen bolt ga baya, shi ma ka tabbata ina yake kallo kahin a jona. Kuma wufa ma haka, mutane na duba risiba su mance wufa na da filogi nata.

In dole sai ta Amurka, sai ka sayi taransifoma mai sauke wuta, wanda yaf hi abin da taka ci nesa, in an rubuta 400W ka nemi na 1000W. Amma ka lissafa kuɗɗinshi cikin farashi, kuma ka san ranar da ba ka gida wani na iya zare filogi shi maida ga bango. Ga shi taransifomar da anka naɗa don 60Hz tana ƙara zahi ga 50Hz, mu kau nan zahi ba mu neman ƙari.

Bakatsinen Gidan Dare: Injiniya ka yi bayanin bolt da kyau saboda Kawu, Kabawa in ba kifi ba ba su san komai ba, kar ya je ya jona risiba a batirin kwale-kwale

Kawu Bakabe: Ja'iri. Bakatsine da rediyo mai batir biyu ya shigo maganar manya.

Admin: A dawo kan magana don Allah 😂

Malamin Kimiyya: Bayan bolt sai HDMI. Ka duba bayan tibinka, cikin ramukan HDMI akwai ɗaya da aka rubuta ARC ko eARC. Ta nan tibi ke mayar da sauti zuwa risiba da waya ɗaya, kuma rimot ɗin tibi ya riƙa ƙara murya da ragewa. ARC ya zo ne da HDMI 1.4 a 2009, don haka risibar da aka yi daga 2010 zuwa sama yawanci tana da shi, ka duba ramin HDMI OUT nata an rubuta ARC. Sai ka kunna CEC a tibin, saitin da ke sa tibi da risiba su fahimci juna ta HDMI, Samsung na kiransa Anynet+, LG kuma Simplink, Sony Bravia Sync, in ba ka kunna ba shiru za ka ji ka ɗauka risiba ce ta lalace.

Kuma kar wani ya tsorata ka da cewa tsohuwar risiba ba ta 4K. E, waɗanda aka yi kafin wajen 2015 yawanci ba su da HDCP 2.2, hoton 4K mai kariya ba zai bi ta cikinsu ba. To sai me? Kar ka bi da hoto ta cikinta. Dikoda da komai ka jona a tibi, sauti kawai ya sauko ta ARC ko wayar oftikal. Oftikal na ɗaukar Dolby Digital da DTS na 5.1, abin da ba ya ɗauka su TrueHD ne na faifan Blu-ray, kai kuma ba ka ce kana da su ba. Abu ɗaya, a saitin sautin tibi kar ka bar shi kan PCM, ta oftikal PCM hanya biyu ce kawai, ka sa Auto ko Bitstream. Atmos kuwa, mai sauti ta sama, ka manta da shi a wannan kuɗin. In Allah ya sa ka ci karo da irin Yamaha RX-V385 ko Sony STR-DH590 na hannu mai bolt ɗinmu, duka na 2018 ne, suna da 4K da Bluetooth, sun ishe ka. Amma wadda ta girme su ma ba laifi.

Mai Sola Tudun Wada: Duk kun yi magana ba wanda ya tambayi wace wuta zai ba ta. Baban Ummi inbata gare ka ko janareta? In inbata ne ka tabbatar mai tsabtar wuta ne, wanda ake rubuta pure sine a jiki, ɗaya irin mai arhar yana sa taransifoma kuka kuma za ka ji zzzz a sifika. Ƙaramin janaretan nan mai haɗa mai da baƙin mai ni ba na ba da shawarar a ɗora masa risiba, wutarsa hawa da sauka take. Kuma ko wutar layi ce ka cire kuɗin sitabilaiza daga cikin 400 ɗin tun yanzu, mai jinkirin kunnawa, don lokacin da aka dawo da wuta ne kaya suka fi mutuwa. Risiba ko ba ka ɗaga murya ba tana shan wutarta, in kana kan batir da dare ka kashe ta in an gama kallo, wufa ma haka.

Baban Ummi: Inbata ne 24V, an rubuta pure sine, sitabilaiza kuma akwai na firij

Mai Sola Tudun Wada: Ka bar wa firij nasa, duk tashin kwamfuresa sai wuta ta girgiza. Saya mata nata.

Ɗan Arkilla: To ga wata dabara tunda kun ƙi inci 12 na gida, wufar mota fa? akwai su birjik wajen masu gyaran rediyon mota kuma da sauƙi, abokina ya haɗa a ɗakinsa da batirin sola, wallahi har ƙirji kake ji

Mai Sola Tudun Wada: Tana yi amma ba a gidan mai iyali ba. Amfilifayan mota 12V yake so, nasa tsarin 24V ne, in ya ja daga batir ɗaya zai kashe shi kafin ɗan uwansa. Ga jan wuta mai yawa, sai waya mai kauri da fis, ga kukan da ke shiga tsakaninsa da risiba. Abokinka ɗaki ɗaya gare shi da katifa.

Dijen Biki: Ni ina da manyan sifiku biyu na taro inci 15 da nake son saki, in yana so a yi magana ta inbos

Injiniya Runjin Sambo: Na hili na waɗannan Dije, an yi su don a ji nesa, ga hwalo ƙaho na tsiwirwiri za shi huda mai kunne, kuma uwargida ba ta bari su shiga.

Maganar wufa in lokacinta ya yi Baban Ummi: ga hwalo irin naka inci 10 mai ampli nata ta isa, inci 8 ma ta kirki ta hi inci 12 ta kwali. Ka ɗaga ka ji nauyi, ka ƙwanƙwasa jikin akwatin, in shina amsawa kamar hwanko bar shi. Abin da Hajiya tak koka da shi rabi saiti na. Ka shiga risiba ka sa dut sifikunka ga Small ko da kana ganin manya na, ka sa mararraba ga 80Hz, abin da ak ƙasa da nan shi tahi wufa. In 'yan mitsi-mitsi na sai ka ɗaga zuwa 120. Maɓallin murya na bayan wufa kak shi wuce rabi. In kana zaune kana iya nuna inda wufa take da ido ruhe, ta yi yawa, rage. Lungu na ƙara mata ƙarhi amma shi ka kawo wanga gunjin da ka kaɗa POP. Dabarar da muka yi, ka aza wufar bisa kujerar da kaka zama, ka sa waƙa mai bes, ka bi gindin bango da rarrahe kana saurare, inda kaj ji bes ɗin ya hito sumul ba gunji, nan za ka aje ta.

Maman Sadik: Ranar da za a yi rarrafen nan don Allah Maman Ummi ta ɗauko mana bidiyo 😂 amma da gaske, tayil da bango tsirara ma suna ƙara abin, mu da muka shimfiɗa kafet babba a tsakiya muka sa labule mai kauri maganar ta ɗan gyaru

Malamin Kimiyya: Sosai Hajiya, wannan gyaran ya fi canza waya mai tsada amfani nesa ba kusa ba. Waya ma tunda an zo wurin, kar a sayar maka da wata mai kan zinare. Wayar wuta ta jan ƙarfe mai sili-sili 1.5mm ta isa na gaba, in nisa ya yi yawa kamar na baya 2.5mm. Ka dai kankare bakin ka gani, in ciki fari ne alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe. Ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi, in ka juya ɗaya bes zai ɓace. Sifikun kuma tsiwitarsu, ƙaramar da ke fitar da siririn sauti, ta yi daidai da kunnenka in kana zaune, ba can saman bango kusa da silin ba yadda ake yi don ado, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta yi kusa da tazararka da su.

Alhaji Mai Shago: Duk wannan wahalar, rarrafe da kankare waya, da saundba, doguwar sifikar nan guda ɗaya, ya saya ya aje ƙarƙashin tibi da wufarsa marar waya da tuni yana kallo. Akwai masu kyau a cikin kuɗinsa sababbi.

Malamin Kimiyya: Alhaji wannan ta fi ta kwalin farko gaskiya, wanda ba ya son waya ko yake gidan haya ni ma ita zan ce masa. Sai dai ita ma a rufe take, ba ƙari ba canji, kuma hagu da damanta duka cikin tsawon mita ɗaya suke.

Baban Ummi: Jama'a na je wurin mutumin bayan azahar, ga hotuna na turo. Biyu ya nuna min. Ta farko ta fi kyan gani, sabuwa-sabuwa har da rimot da ɗan makirfon ɗinta a leda, amma bayanta 120V 60Hz. Ta biyu Yamaha ce ta ɗan tsufa, 220-240V, akwai ARC a HDMI OUT, ba rimot ba makirfon, sama duk ƙura. Kuɗinsu kusan ɗaya. Akwai kuma sifiku biyu na katako masu matsakaicin girma an rubuta om 6, 88dB, da wata ta tsakiya amma ba kamfaninsu ɗaya ba. In na ɗauki risiba da biyun da sitabilaiza zai rage min kamar dubu 90

Ɗan Arkilla: Ta farkon mana, ka ga yadda take sheƙi kuwa

Injiniya Runjin Sambo: Ta biyu. Rimot ana samun na madadi, wanga ba abin damuwa ba na. Makirfon ɗin na YPAO na, shi ka auna ɗaki shi saita da kanshi, Denon nasu Audyssey, Pioneer MCACC. In babu sai mu yi da hannu, tef ɗin awo mu sa nisan kowace sifika, ga biyu ɗai minti nawa na. Ƙura kau a buɗe a hure da bulowa, kuma ko sabuwa kas saya hunturu ɗaya na Sakkwato haka za ta koma. Ka dai shirya mata wuri tun yanzu, kak ka tura ta cikin kabet mai gilashi, kak ka aza dikoda bisa kanta, ramukan sama nan taka numfashi. Watan Afrilu da muka wuce digiri 40 ka sa mata 'yar fanka ta USB bisa tana jan zahi. In ba a kallo a ruhe da ƙyalle, in za a kunna a ɗauke.

Amma kak ka biya sai an gwada. Kowane ramin HDMI ɗaya bayan ɗaya, don wasu tsohin risiba allon HDMI ka hwara mutuwa kuma gyaranshi ya kusa kuɗɗin wata. Dut hanyoyi biyar da SUB OUT a ji su ko da biyu za ka yi amfani da su yau. Sifikun a cire rigar gaba a dubi zoben da yaz zagaye kwanon, in soso na shina ruɓewa da zahi da shekaru, taɓa ka gani ko shina marmashewa, na roba ya hi ɗorewa. Ka danna kwanon a hankali da yatsu, in kaj ji gurza koyil ya taɓa. Ka kai kunne ga tsiwita ka tabbata tana magana, ita ka hwara ƙonewa in an matsa ma ampli har sauti ya tsage.

Maman Sadik: Dubu 90 ɗin nan dai a nemo ta tsakiya da ita, na faɗa

Injiniya Runjin Sambo: Hajiya a tara ta a cika a sai wufa

Malamin Kimiyya: Wadda ya nuna maka ɗin dai kar ka ɗauka don tana nan, ka turo lambar da ke bayan biyun mu ga ko za a samu 'yar gidansu a Kano ko a kasuwar intanet ta Jiji.

Baban Ummi: To zan turo in sha Allah. Injiniya ko za ka samu dama gobe bayan la'asar ka raka ni? ni gurzar koyil ɗin nan ban san yadda take ba, zan biyo ta shagonka da mashin

Injiniya Runjin Sambo: Allah shi kai mu. Taho da wayar HDMI taka da filash mai karatu ko labarai, muryar mutum nika son ji ba kiɗi ba, ni zan riƙo mita. Kuma ka kira shi ka ce shi kunna ta tun azahar shi bar ta tana aiki, da zahinta nika son mu ishe ta.